Farar laimar kwaɗin da ke tsirowa a jikin itacen girki

Da damina ta kankama, wanda ya jibge itacen girki a bayan ɗaki yakan tarar da wasu fararen abubuwa sun jeru a jikinsa kamar ƙananan mafitai. Laimar kwaɗi ce, sai dai ba irin mai kara ba ce da muka saba gani a juji. Masana na kiran ta Schizophyllum commune, kuma in ka cire Antatika, babu nahiyar da ba a samun ta.

Faɗinta daga santimita 1 zuwa 4 ne. Ba ta da kara, a manne take da itacen ta gefe guda, bayanta fari ko ruwan toka mai gashi-gashi. Amma sai ka kifa ta za ka tabbatar: layukan da ke ƙarƙashinta kowanne a tsage yake biyu, daga tushe har baki. Wannan tsagar ita ce shaidarta. Da rani takan bushe ta ƙanƙance kamar ta mutu, ruwan sama na taɓa ta sai ta sake buɗewa.

Ana cin ta a Meziko da Kwango da jihar Manipur ta Indiya, duk da taurinta kamar ganda. Sai dai kada a kai ta hanci a shaƙa, domin ƙurar irinta takan kama a kogon hanci ko huhu. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma likitoci sun sha gani.

Abin da ya fi damuna shi ne zancen nan cewa duk wadda ta tsiro a itace ba ta da dafi. Ƙarya ce. Akwai Galerina marginata, 'yar ƙarama mai kara, ruwan ƙasa, da ke tsirowa a ruɓaɓɓen itace a Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Dafinta hanta yake ci, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, su lafa, iyali su ce an samu sauƙi, alhali hantar na lalacewa.

Saboda haka in yaro ya ci wata laimar da ba a sani ba, kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran alama. A wuce asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci a naɗe cikin takarda, ba leda ba, don kada ya ruɓe kafin likita ya gani.