Shimfiɗar Bakin Makewayi

Uwargida, in baƙuwa ta zo gidanki ɗaki kike fara kai ta, ta ga gado da jere da sabuwar darduma, ta yaba. Amma mace mai lura ba ta yanke hukunci a kan gida sai ta ɗauki buta ta zaga. To, yau zancenmu a kan wani ɗan abu ne da ke can bayan gida, wanda ba a lissafa shi cikin kayan ɗaki, ba a kuma nuna shi ranar jere, watau abin da ake takawa in an fito wanka.

Wata za ta ce, yanzu har tsumman goge ƙafa ya isa a ɓata masa takarda? Ya isa. Kwanan baya na je barka wani gida a Safana, na tarar uwar maijego, wadda ta zo don ta yi wa 'yarta wanka, ita ce a kwance ana jinya. Maigidan ya sa tayil a makewayi don amarya, aka kuma sayo wata 'yar darduma mai gashi mai laushi aka ajiye a bakin ƙofa. Tsohuwa ta fito da baho a hannu, ta ɗora ƙafa, darduma ta tafi da ita. Allah ya kiyaye ruwan zafin ya riga ya ƙare, amma ta bugu a ƙugu, har aka yi suna ba ta iya tashi sai an kama ta. Da na ɗaga dardumar na duba, sai na ga bayanta sumul kamar leda, ga ta kuma jiƙe sharkaf tana wari. Kyan ɗan maciji ke nan.

Abu biyu kawai ake nema ga shimfiɗar makewayi: kada ta zame, kuma ta bushe da wuri. Launi da laushi duk bayan waɗannan suke. Kafin ki sayi kome kuwa, sai ki fara duban ƙasan makewayinki, domin abin da ya dace da daɓen siminti bai dace da turɓaya ba.

Mu fara da makewayi irin na yawancin gidajenmu na Batsari da Ruma da Runka da sauran garuruwan wannan yanki, wanda aka zagaye da katanga ko zana, ƙasansa kuwa ƙasa ce zalla. Irin wannan ba ya son shimfiɗa a ciki ko kaɗan. Na sha ganin an yayyaɗa buhun algarara a wurin tsayawa don kada ƙafa ta kwashi taɓo. Niyyar mai kyau ce, amma buhun nan ba ya bushewa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma ba ta bushewa, har rana ta fito ta faɗi. Akwai kuwa wata irin tsutsar ciki wadda ƙwayayenta ke fita cikin bayan gida, su ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima da ɗumi, sa'an nan 'ya'yan su huda fatar ƙafar wanda ya taka ba takalmi, su bi jini har su zauna a hanji suna shan jinin mutum. Tana cikin abubuwan da ke sa ki ga yaro ya ɗashe, ko mai ciki tana fama da ƙarancin jini. In shadda tana kusa da wurin wanka, yara kuma suna tsugunawa a gefe, to, jiƙaƙƙen buhun nan gida kika gina mata. Ban da wannan, kunama tana son irin wurin, ta lafe a ƙarƙashi da rana, da dare ta fito.

Abin da kakanninmu ke yi shi ne daidai, ƙasarmu kuwa ba ta rasa dutse ba. A haƙa ɗan rami kamar zurfin taki ɗaya a wurin wanka, a cika shi da tsakuwa, a ɗora faffaɗan dutse mai kaushi a kai, a gyara rariya yadda ruwa zai bi ya fita. Ruwa na zuba yana nutsewa. Dutsen nan shi ne shimfiɗarki, abin da yake bukata kawai a riƙa goge shi da toka da soso duk mako, kada gansakuka ta kama shi. In ya fara yin kore, ya fara santsi ke nan.

In kuwa makewayin na siminti ne ko na tayil, magana ta sake. Siminti sabo yana da ɗan kaushi, amma shekara da shekaru sabulu da mai suna bin sa, sai ya koma kamar tangaran. Tayil kuwa, in ba irin mai kaushin nan da aka yi musamman don wurin ruwa ba ne, tun ranar farko abokin gāba ne ga tsoho da mai ciki. A nan ana bukatar abu biyu dabam dabam, ɗaya a ciki inda ruwa ke zuba, ɗaya a waje inda ake tsane ƙafa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa abu ɗaya ya yi aikin biyu.

Na ciki, wanda na fi so shi ne na katako. Ki sa kafinta ya jera miki 'yan siraran katakai, ya bar tsakani kamar faɗin yatsa, ya buga su a kan sanduna biyu yadda za su ɗan tashi daga ƙasa. Kamu ɗaya da rabi a kowane gefe ya isa. Ki ce masa ya goge bakin katakon kada sartse ya shiga ƙafa, ya kuma nutsar da kan ƙusa sosai, don tsatsa. Ruwa yana bi ta tsakani ya wuce, in an gama sai a jingine shi da bango. Maijego ta fi kowa morar wannan, domin tafasasshen ruwa ba ya cutar katako, ganyen wanka da ya zuba kuma ba ya manne mata a tafin ƙafa. In ba a sami katako ba, akwai ta roba mai huji-huji wadda bayanta ke da 'yan ƙoƙuna masu kama ƙasa. Tana riƙe tayil da kyau, amma ba ta kama siminti mai gurɓi-gurɓi, kuma dole a ɓamɓare ta kullum a wanke bayanta, gama nan ne dattin sabulu ke taruwa ya yi yauƙi.

Tabarmar roba irin ta zaman tsakar gida, wadda ake yanko tsohuwarta a kai bayan gida, kada ki yarda da ita a kan tayil. Da ruwan sabulu ya shiga ƙarƙashinta sai ta zama kwalekwale.

Yanzu sai na waje, kuma a nan ne mata ke kashe kuɗi a banza. Za ki ga a kasuwa an rataye su ja da shuɗi da ruwan hoda, masu dogon gashi kamar bayan tunkiya, waɗanda ake kawowa daga Sin da Turkiyya. An yi su ne don gidajen da ke da injin wanki da na busarwa, inda mutum biyu ko uku ke wanka a rana. Gidanki fa? Tun daga 2019, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan gefen dajin Rugu, gidaje da yawa a cikin Batsari da Safana suka karɓi 'yan'uwa, har ya zama makewayi ɗaya mutum goma sha biyar ke shiga, ko fiye. Daga asuba zuwa lisha ƙafa ba ta yankewa. Mai dogon gashi ba za ta taɓa bushewa a irin wannan gida ba, ƙafar da kuwa ke yawan taka jiƙaƙƙen abu ita cin ruwa ke kamawa, tsakanin yatsu ya yi fari ya dare yana ƙaiƙayi. Ƙwayar cutar tana zama a jikin shimfiɗar, mutum ɗaya ya kawo, gida duka ya ɗauka.

Saboda haka ki nemi mai gajeren gashi, ko saƙaƙƙiya wadda ba ta da gashi sam. Ta auduga ta fi shan ruwa, ta zaren roba ta fi saurin bushewa. Ki juya bayanta ki duba tun a gaban mai kaya. In an shafa mata roba mai kaushi, ki lanƙwasa ki gani, in robar ta tsage ko tana zuba kamar gari, ta daɗe a rana, ki ajiye masa abinsa. In ya yarda, ki shimfiɗa ta a kan siminti ki tura da ƙafa, wadda ta tafi a busasshen wuri ba sai an gaya miki abin da za ta yi a jiƙaƙƙe ba. Kada kaurinta ya hana ƙyaure buɗewa, kada kuma bakinta ya riƙa naɗewa sama, gama da shi tsofaffi ke tuntuɓe da dare. Araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba ta yi. Gara ki sayi ƙanana biyu masu sauƙin kuɗi da babba ɗaya mai tsada, don ɗaya na ƙasa ɗaya na kan igiya.

Wadda ba ta da halin saye kada ta damu. Tsohon gwado, a yanka shi a ninka biyu a kalmashe bakinsa, ya fi yawancin na kanti shan ruwa, yana kuma jure wanki. Sai dai a kan siminti mai kaushi za ki sa shi, ban da tayil. Tabarmar kaba kuma tana da nata wuri. Ba ta shan ruwa kamar auduga, amma iska na ratsa ta, in an shanya ta nan da nan ta bushe, yashin ƙafa kuma yana zuba ta tsakanin saƙar. Maƙiyanta biyu ne, gara da laima. In ta kwana a jiƙaƙƙiyar ƙasa sau uku, za ki ga ta yi baƙi-baƙi da fumfuna. 'Yar ƙarama za ki sa a saƙa miki, kada ki yanko daga babba, don yankakkiya warwarewa take yi.

Abu ɗaya da ba na so in gani, shi ne dardumar salla da ta tsufa a mai da ita bakin makewayi, balle mai zanen masallaci. A ba ta wani aikin.

Kula da su ba wuya, sai dai yana son a riƙa yi kullum. Da an gama wankan safe a ɗaga, a kakkaɓe, a rataya a igiya ko a kan katanga, a sa ta biyun. Kada a bar ta a ninke. Wanki sau ɗaya a mako, in gidan da yawa sau biyu. Na san da bazara ruwa tsada gare shi, rijiya ta ja baya, mai kura ya ƙara kuɗi, to, ruwan ɗaurayar tufafi ya isa wankin farko, sai a bi da tsabtatacce kaɗan. Ki ware mata bokitinta, kada ta haɗu da zanen goyo ko tawul. Mai bayan roba ba ta son tafasasshen ruwa, ba ta kuma son a bar bayanta yana kallon rana, sai ki shanya ta gashi a sama. Tabarmar kaba a goge ta da sabulu da burushi a bi tsawon saƙar, a jingine ta tsaye. Da hunturu kuwa kada ta wuni a waje, don in ta bushe ƙarau karyewa take yi.

Watan Agusta shi ne gwaji. In marka ta sauka, kwana biyu ko uku ba a ga rana ba, ki rataye ta a rumfa inda iska ke bi, ko kusa da murhu bayan an sauke tukunya, amma nesa da wuta, gama zaren roba narkewa yake yi. In duka biyun sun jiƙe, gara a bar wurin ba kome, kowa ya sa silifa, da a shimfiɗa jiƙaƙƙiya. Damina kuma ita ce lokacin amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, jihar Katsina na cikin inda ta taɓa. In wani a gida ya kamu da gudawa, bayan an kai shi asibiti, a jiƙa shimfiɗar cikin ruwan Hypo. Don wankin yau da kullum cokalin shayi 4 a lita ɗaya ta ruwa ya isa, amma in ƙazanta ta taɓa sai a ninka shi sau uku, a bar ta minti 10, a ɗauraye. Zai ci launi, ki haƙura. In ta kaba ce ko buhu, a ƙone kawai. Kada kuma ki kuskura ki gauraya Hypo da wani ruwan wanke masai, domin hayaƙin da ke tashi yana ƙona ido da huhu, ga makewayi wuri ne ƙuntatacce.

Ku kuma 'yan makaranta, musamman na kwana, inda ɗalibai da yawa ke bin wurin wanka ɗaya, silifa ita ce shimfiɗarku. Kada ki shiga ba ita, kada ki ari ta wata, in kin fito ki tsane tsakanin yatsunki kafin ki sa safa. Ki riƙa duba ƙasanta, in zanen ya cinye ta yi sumul, ita ma kayar da mutum take yi. In kun zo hutu, aikin ɗaga shimfiɗa da shanya ta naku ne, ku karɓe wa iyaye. Ke da ke da kaka a gida, yau da la'asar ki je ki tura abin da take takawa da ƙafarki, in ya motsa ki ɗauke shi kafin magariba, sa'ad da za ta zaga yin alwala.