Mota na shan mai: abin da ma'aunin hayaƙi ke gani, wanda kunnen makanike ba ya ji

Ƙorafin da makanikan Tahoua suka saba ji daga masu motocin fetur shi ne mota tana shan mai, buƙatar da ke biyo baya kuma ita ce a rage mata. Ba abin mamaki ba ne. Tun da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa da ke hawowa daga Ƙonni ya daina arhar da aka san shi da ita. Jama'a sun koma gidajen mai, nauyi ya ƙaru a kan matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, har aka kai ga dogayen layuka a watan Maris na 2025. Gwamnati ta sauko da kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, amma ga mai taksi ko direban da ke jigila tsakanin Tahoua da Abalak, kowace lita abar lissafi ce.

Matsalar ita ce rage wa inji mai da ka, ba tare da awo ba, yana iya jawo asarar da ta fi kuɗin man nesa ba kusa ba. Akwai na'urar da ke nuna wa makanike a lamba abin da yake yi, wato ma'aunin iskar oksijin mai faɗin zango, wanda a kwalin kayan gyara ake rubuta shi da Faransanci sonde lambda à large bande. Bayanin nan ya shafi injin fetur kawai. Manyan motocin albasa da sauran masu amfani da gazuwal tsarinsu daban ne, domin su kullum da rarar iska suke aiki.

Lambar da komai ya rataya a kanta

Inji ba mai kaɗai yake sha ba, iskar da yake zuƙa ta fi man yawa ƙwarai. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da shi lita, lita guda ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000. Wannan haɗin na 14.7 shi masana ke kira lamda 1. Idan lambar ta sauka ƙasa da haka, misali 12, mai ya yi yawa. Idan ta haura, misali 16, mai ya yi kaɗan.

Kowane ɓangare da irin tasa illar. Mai idan ya yi yawa, hayaƙi yana yin baƙi, fulogi, wato buji, yana yin kunkunniya, ragowar fetur kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi, ringi su ci da wuri. Ga kuma aljihu. Motar da ke tafiya a kan 12.5 a inda ya kamata ta yi 14.7 tana zubar da kusan lita ɗaya cikin kowace bakwai. A tankin lita 60, lita tara ke nan, kimanin sefa 4,500 a farashin 499.

Ƙarancin mai kuwa ba ya nuna kansa da baƙin hayaƙi, shi ya sa ya fi haɗari. A lokacin da inji ke jan kaya, ɗan rarar man da ake ba shi ita ke sanyaya cikin silinda. Idan aka hana shi, zafi ya hau, haɗin ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Idan aka ci gaba a haka bawul ya ƙone ko kan fistin ya narke. Abin ba a cikin gari yake faruwa ba, inda mota ke tafiya a hankali. Yana faruwa ne a cikin rairayin hanyar Tchintabaraden, ko a kan hawan duwatsun Keita, da tsakar rana a watan Afrilu, mota cike da fasinja da buhuna, inda gareji mafi kusa ya yi nisa.

Don haka babu lamba guda da ta dace da kowane hali. A tsaye, inji na silo, ana son 14 zuwa 14.7, tsofaffin masu karbireta ma sun fi natsuwa a wajen 13.5 zuwa 14. A tafiyar kwalta ba tare da matsa totur ba, 14.7 zuwa 15.5 ya yi, kuma a nan ne ake samun sauƙin mai na gaskiya. Idan aka take totur har ƙasa, lambar ta sauko 12.5 zuwa 13. Wanda ya ga 15 a wannan halin ya ɗaga ƙafarsa.

Motar ai da nata ma'aunin

Haka ne, yawancin motocin da ba su da karbireta suna zuwa da ma'aunin oksijin a jikin salansa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera shi, Volvo kuma ya fara sa shi a motocinsa a 1976. Ɗan tangaran ne na sinadarin zirkoniya wanda idan ya yi zafi sama da digiri 300 yake ba da ƴar wuta gwargwadon bambancin oksijin da ke cikin hayaƙi da wanda ke waje. Sai dai wannan tsohon samfurin, mai gajeren zango, kalma biyu kawai ya iya. Idan mai ya yi yawa ya ba da kusan bolt 0.9, idan ya yi kaɗan ya ba da kusan 0.1. Ba ya iya bambanta 13.5 da 11, duka a wurinsa mai ya yi yawa ne. Ƙwaƙwalwar mota tana amfani da shi ta riƙe haɗin a kan 14.7 a silo da tafiya mai sauƙi. Da zarar an take totur sosai, sai ta daina sauraronsa ta koma ga jadawalin da aka rubuta mata a masana'anta. Wato a daidai lokacin da inji ya fi shiga haɗari, babu mai duba ko man da aka yi umarni da shi ya iso.

Mai faɗin zango ya zo daga baya. Kamfanin NTK na Japan ya yi wa Honda irinsa a farkon shekarun 1990, Bosch kuma ya fitar da jerin LSU, wanda samfurin 4.9 ɗinsa ke cikin mafi yawan na'urorin awo da kamfanoni irin su AEM da Innovate ke sayarwa. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da hayaƙi ke shiga, da kuma famfon lantarki da ke cusa oksijin ko ya fitar da shi don ɗakin ya tsaya a kan lamda 1. Yawan wutar da famfon ya ci wajen yin haka ita ake juyawa ta zama lamba, daga wajen 10 har sama da 20. Yana aiki a zafin da ya kusa digiri 780, yana da wayoyi biyar, kuma dole sai da akwatinsa mai sarrafa shi. Ba a kwance tsohon samfuri a ɗaura wannan a madadinsa a haɗa da ƙwaƙwalwar mota, harshensu ba ɗaya ba ne. Wasu motocin, ciki har da Toyota da yawa na shekarun 2000 zuwa yau, da nasu mai faɗin zangon suke fitowa, kuma ana iya karanta shi ta soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari.

Yadda ake aikin

Mai walda yana huda salansa ya liƙa noti mai zaren M18, kimanin rabin mita daga inji, kafin tukunyar tace hayaƙi idan motar tana da ita. Ana sa shi ta sama ko ta gefe, kan ma'aunin yana kallon ƙasa da aƙalla digiri 10, don ruwan da ke taruwa a salansa da safe kada ya kwanta a kansa ya fasa tangaran mai zafi. Ana iya maƙala shi a bakin salansa ta baya idan gwaji ne na ɗan lokaci, amma a silo iskar waje tana kutsowa ta ɓata lissafin. Ba a kuma barinsa a salansa inji na aiki alhali ba a ba shi wuta ba, kunkunniya za ta toshe shi.

Sai a bar inji ya ɗauki zafinsa, a fita hanya mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na rubuta lambobi: a tsaye, a tafiya mai sauƙi, sannan a hawa da totur a ƙasa. Gwajin a cikin rufaffen gareji ganganci ne, hayaƙin da mai ya yi masa yawa cike yake da gubar da ba ta da wari.

A motar karbireta, irin tsofaffin Fijo 504 da Land Cruiser na da, a nan ne ake gano wani kuskure da ya zama ruwan dare. Sukurun da makanike ke murɗawa yana kasa kunne, ikonsa a kan silo ne da ɗan abin da ya biyo baya. Man da inji ke sha a kan hanya ta wata ƴar ƙofa yake bi, wadda ake kira gicleur, da kuma tsayin man da ke cikin kofin karbireta. Mai mota zai bar gareji yana murna an rage mai, alhali a kan hanya ba abin da ya sauya. Wani kuma a sa masa ƴar ƙofar da ta yi ƙanƙanta, ya samu sauƙin mai na wata biyu, na uku inji ya buga. Da ma'auni a hannu ana sauya abu ɗaya, a sake fita, a sake karantawa.

Motar da ke da injekta da ƙwaƙwalwa kuwa ba a daidaita ta da sukundireba. Amfanin ma'aunin a kanta shi ne nuna inda cuta take. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai, doka ta wajabta soket ɗin OBD a motocin fetur, kuma ɗan abin karantawa da ake haɗawa da wayar salula yana nuna yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 ko ta wane ɓangare, akwai abin da ya lalace. Lambar P0171 tana nufin mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa.

Abubuwan da ke jawo haka a Adar sanannu ne. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, karbireta ta riƙa zuƙo mai fiye da kima. A mai injekta, ƙurar tana kwanciya a kan siririyar wayar da ke auna iskar shiga, ta ba da rahoton iska ƙasa da gaskiya, mai ya ragu. Man jarka da na kwalba yana zuwa da datti da ruwa, ya toshe matatar mai ya gajiyar da famfo. Irin wannan motar a cikin gari lafiyarta ƙalau, sai an matsa mata a rairayi lambar ta yi tsalle zuwa 15 ko 16, kuma babu wata fitila da za ta kama a gaban direba. Sai kuma al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasar zafi ce. Inji marar tamostat a safiyar Janairu yana daɗewa bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu ana dumama shi, ta ci gaba da zuba mai. Mayar da wannan ɗan ƙarfen wurinsa sau da yawa ya fi duk wani murɗe-murɗe rage shan mai.

Akwai kuma abin da aka gada daga waje. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufa. Wasu suna isowa an riga an yanke musu tukunyar tace hayaƙi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wasu an bar wayar ma'aunin tana lilo. Motar da ƙwaƙwalwarta ba ta jin komai daga salansa takan koma ba da mai da yawa don kare inji.

Inda ma'aunin ke ruɗar mutum

Oksijin kawai yake gani, ba ya ganin mai. Idan salansa ta huje tsakanin inji da ma'auni, iskar waje za ta shiga ya nuna mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne. Idan fulogi ɗaya ya mutu, iskar da ba ta ƙone ba za ta wuce ta gabansa, ya sake cewa mai ya yi kaɗan, marar sani ya ƙara mai a kan injin da ke amayar da ɗanyen fetur. Shi ya sa ake fara gyara salansa, fulogi, matatar iska da lokacin wuta kafin a yarda da lambar. Haka nan ba ya faɗin ingancin mai. Fetur da aka gauraya da kananzir zai iya nuna 12.8 daidai, inji kuma yana ƙwanƙwasa.

Shi kansa ma'aunin yana mutuwa. Injin da ke cin baƙin mai, ruwan lagireto da ke zubowa cikin silinda, da gam ɗin silikon da ake shafawa a madadin gasket, duk suna kashe shi a hankali. Fetur mai dalma ya fi su illa, amma wannan ya kau: ƙasashen kudu da Sahara sun daina shi tun farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta rufe babinsa a 2021. Jabun Bosch sun yi yawa a kasuwa, kuma na jabu ya fi rashinsa muni, domin lamba yake bayarwa mutum ya yarda.

Na'urar ba ta direba ɗaya ba ce, kayan gareji ce, irin wadda makanikai uku ko ƙungiyar direbobin tasha za su haɗa kuɗi su saya. Noti ɗaya a salansar kowace mota, a toshe shi da kusa bayan gwaji, ma'auni guda ya ishi motoci da yawa.

Ga masu karbireta, lokacin da aka yi gyaran ma abin lura ne. Iskar da ke digiri 45 ta fi ta digiri 15 sauƙin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, karbireta kuma ba ta san bazara ko hunturu ba. Wadda aka daidaita da sanyin safiyar Janairu za ta ɗan ƙara mai a watan Mayu. Wadda aka matse har iyaka da tsakar ranar Mayu kuwa, idan sanyi ya shigo man zai gaza. Mai zuwa Agadez, tafiyar kusan kilomita 400, gara a bar masa lambar totur a ƙasa kusa da 12.5, a nemo masa sauƙin man a tafiyar kwalta.