Meek, humble, gentle: ba duka ne tawali'u ba

Bara wani tsohon ɗalibina ya kawo mini takardar neman aiki da ya rubuta da Ingilishi, in duba masa. Yaro ne mai ladabi, ya so ya nuna shi mai tawali'u ne, sai ya buɗe ƙamus ya ɗauko kalmar meek ya liƙa wa kansa. Na ce masa: "Kai, goge wannan tun kafin su gani." Ya ce: "Mushe, ai yabo ne." To, a da yabo ne.

Meek ta fito daga tsohon yaren mutanen arewacin Turai, asalin ma'anarta abu mai laushi. A fassarar Baibul ta Sarki James, ta 1611, da ita aka yabi bayin Allah masu sanyin hali. Amma Baturen yau in ya ce ma'aikaci meek ne, galibi nufinsa wanda ake takawa ya yi shiru, ba ya iya buɗe baki a taro. Wa zai ba irin wannan jagorancin mutane?

Humble ce ta fi kusa da abin da yaron ke nema. Tushenta Latin ne, humilis, abin da ke ƙasa-ƙasa, daga humus, wato ƙasar da muke takawa. Abin ya burge ni, domin tawali'u ma a Larabci daga ajiye abu ƙasa ta samo asali, mu kuma muka ce ƙanƙan da kai. Sai dai daga wannan tushen humiliate ta fito, wato wulaƙantawa. Bambancin ɗaya ne: kai ka sauke kanka, ko wani ya sauke ka. Kuma Turawa na zargin mai yawan kiran kansa humble. Dickens, a littafinsa David Copperfield na 1850, ya zana wani Uriah Heep, munafuki da ba ya gajiya da faɗin shi ba kowa ba ne, alhali dukiyar maigidansa yake hari.

Gentle kuwa ita ke kayar da ƴan lakwal ɗinmu, saboda sun saba da gentil ta Faransanci. Gaskiya ƴan uwa ne, Ingilishi daga Faransanci ya are ta bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. A lokacin tana nufin ɗan babban gida, shi ya sa ake da gentleman. Yanzu gentil mutumin kirki ne, gentle kuma mai yin abu a hankali, kamar ungozomar da ta iya riƙe jariri. Mai ƙarfi ma yana iya zama gentle.

Yaron dai ban bar shi ya sa humble ɗin ba. Na ce ya rubuta cewa yana sauraren gyara, kuma ya iya aiki da jama'a. Ya ɗan ɓata rai, yana ganin kamar na rage masa daraja, amma ya gyara.