Gwajin jinin gano gigin tsufa: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa Turawa sun fito da gwajin jini da zai gaya wa kowa ko zai yi gigin tsufa nan gaba. Zancen yana da tushe, amma ya sha gishiri a hanya.

Gwajin dai akwai shi. A watan Mayun 2025 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Lumipulse na kamfanin Fujirebio, mai auna sinadaran p-tau217 da amyloid a cikin jini, waɗanda ke nuna cutar Alzheimer, mai jawo gigin tsufa. A da sai an tsira allura a gadon baya an zuƙo ruwa, ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na PET mai ɗan karen tsada. Masu bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin sun nuna a 2024 cewa gwaji irin wannan yana dacewa da kusan kashi 90 cikin 100, alhali likitocin da ba ƙwararru a fannin ba suna samun kashi 61.

Sai dai ba don mai lafiya aka yi shi ba. Na 'yan shekara 55 zuwa sama ne waɗanda alamu suka riga suka bayyana gare su, kuma sai likita ya haɗa da sauran bincike. Ruɗewar da hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki ke jawowa kuwa, wannan gwaji ba ya ganin ta.

Batun wai an samo maganin warkewa, wannan ƙarya ce. Maganin Lecanemab ya rage saurin taɓarɓarewa ne da kashi 27 cikin wata 18, kuma yana iya sa kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Jita-jitar da ta fi cutar da mu ta gida ce: "ai tsufa ne", ko a ce aljanu ko maita. Manta inda aka ajiye carbi ba wani abu ba ne. Amma dattijo ya fito daga masallacin unguwarsu ya kasa gane ƙofar gidansa, ko Inna ta yi tambaya ɗaya sau biyar kafin a sauke tukunya, tana zargin jikoki da sace mata kuɗi, wannan ciwo ne. Wani lokaci ma ƙarancin bitamin B12 ne, ko ciwon damuwa, ko wani magani da ake sha, kuma duk waɗannan ana iya magance su.

Kada a jira gwajin Amurka. A kai masu irin waɗannan alamu asibiti da wuri, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, tare da wanda ya san halinsu na yau da kullum.