Chocolat: fim ɗin da ya kai sunan Mindif Cannes, amma da idon wa?

Duk wanda ya kalli fim ɗin Chocolat zai gane dutsen nan da ake kira Haƙorin Mindif, kudu da Marwa. Claire Denis, 'yar Faransa, ce ta shirya shi, kuma a 1988 ya shiga gasar Cannes. Shi ne fim ɗinta na farko, tushensa kuwa rayuwarta ne: an haife ta a 1946, mahaifinta jami'in mulkin mallaka ne, ta kuma yi wani ɓangare na yarintarta a Kamaru.

Labarin ya faru ne a ƙarshen shekarun 1950. Yarinya mai suna France tana zaune a gidan kwamanda tare da iyayenta da boyinsu Protée, wanda Isaach de Bankolé, haifaffen Abijan, ya fito a matsayinsa. Denis ba ta yi wa danginta kara ba. Ta nuna Protée yana wanka a fili, a bayan gida, alhali Turawa na da banɗaki a ciki. Da matar kwamanda ta miƙa masa hannu ya ƙi, sai aka kore shi daga cikin gida zuwa gareji. A can ya riƙe bututun janareta mai zafi ba tare da ya ce uffan ba, yarinyar ta kwaikwaye shi, ta ƙone tafin hannunta.

To ina matsalar? Fim irin wannan amanarsa tana ga abin da mai shi ya tuna, shi kuwa yaro iyakar ganinsa farfajiyar gidansu. Mindif gari ne mai lamido da fada da kasuwa da malamai, amma a fim ɗin mutanen gari galibi masu hidima ne ko masu wucewa. A waɗannan shekarun ne aka haramta jam'iyyar UPC a 1955, sojojin Faransa suka kashe Ruben Um Nyobè a Satumba 1958, Ahmadu Ahidjo ɗan Garwa ya zama firaminista a wannan shekarar. Mai kallo zai iya gama fim ɗin bai ji ƙamshin wannan ba.

Masu kare Denis na cewa da gangan ta bar Protée cikin shiru, don ba ta da hurumin shiga zuciyarsa. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai ɗan kallo a Faransa ba shi da wani Mindif da ya wuce wannan, kuma nan ne tunanin mutum ɗaya ke zama tarihin gari a wurin baƙi.

Muryar boyin tana nan, a wani wuri daban. Tun 1956 Ferdinand Oyono, ɗan kudancin Kamaru, ya fitar da Une vie de boy, inda boyin kwamanda da kansa yake rubuta abin da ya gani a gidan ubangidansa.