Bikin kamun kifi na Argungu: Yadda za a kai ziyara cikin ayari da kuɗi kaɗan

Duk shekarar da aka gudanar da bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, dubban mutane ne kan yi tururuwa zuwa garin daga sassan Najeriya da Jamhuriyar Nijar, har ma da ƙasashen Turai.

Sai dai tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tafiye-tafiye sun yi tsada ƙwarai. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ta zarce naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024.

Wannan ya sa magidanta da ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama ke ganin cewa kallon bikin ya fi ƙarfin aljihunsu.

To amma da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutanen unguwa ɗaya, ko abokan aiki, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, za su iya haɗa ayari su raba nauyin tafiyar a tsakaninsu, muddin sun tsara ta da wuri.

Asalin bikin

An fara bikin a tsarinsa na yanzu ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya gagarumin kamun kifi domin karrama shi.

Ziyarar ta zama alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, waɗanda suka shafe yawancin ƙarni na 19 suna gwabza yaƙi.

A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya bikin cikin jerin al'adun da suka zama gado ga bil'adama.

Bisa al'ada akan yi kwana huɗu ana shagali. Akwai baje kolin amfanin gona, da kokawa, da dambe, da kaɗe-kaɗen gargajiya, sai kuma wasannin ruwa da ake kira Kabanci, waɗanda suka haɗa da tseren kwale-kwale, da gasar nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu.

A rana ta ƙarshe ce dubban masunta kan jeru a bakin kogin Matan Fada, kowa riƙe da homa da gora. Da an ba da alama sai su ruga su faɗa ruwa a lokaci guda, kuma cikin kimanin sa'a ɗaya an gama.

Kifin da ya lashe gasar a 2005 ya kai nauyin kilo 75, na 2020 kuwa kilo 78.

A tabbatar da rana tukuna

Babban kuskuren da ayari zai iya yi shi ne biyan kuɗin mota da na masauki kafin a tabbatar da ranar bikin.

An saba yin sa ne tsakanin watan Fabrairu da na Maris, amma ba kowace shekara ake yi ba. A 2006 an hana kamun kifin saboda ƙarancin ruwa a kogin, sannan an shafe kimanin shekaru goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020.

Akwai kuma batun azumi. Da yake shekarar Musulunci na ja da baya da kimanin kwana 11 a kowace shekarar miladiyya, watan Ramadan ya faɗo cikin lokacin da aka saba yin bikin a 'yan shekarun nan. A 2025, alal misali, an ɗauki azumi ne a farkon Maris.

Saboda haka sanarwar gwamnatin jihar Kebbi da ta fadar Sarkin Kabin Argungu ce abin dogaro. Ayari na iya fara tara kuɗi tun da wuri, amma kada a ba kowa kafin alƙalami sai an ji rana daga bakin hukuma.

Tara kuɗi

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne wanda jama'a suka saba da shi a adashi: kowa ya riƙa zuba wani abu duk ƙarshen wata, tun daga lokacin kaka, ta yadda nauyin ba zai faɗo wa mutum a wata ɗaya ba.

Ya kamata a naɗa shugaba, da ma'aji, da wanda zai riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Kuɗin jama'a kan raba zumunci idan babu rubutu.

Haka kuma yana da kyau a ware kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara domin ko-ta-kwana, kamar lalacewar mota ko rashin lafiya. Idan an dawo lafiya sai a mayar wa kowa rabonsa.

Lissafin mota

Kuɗin mota ne yawanci kan fi cin kaso mafi girma, kuma a nan ne amfanin ayari ya fi fitowa.

Ɗaukar shatar bas kan fi sauƙi bisa kowa ya bi motar haya, domin a lokacin biki kuɗin kujera kan tashi, ga kuma kuɗin kabu-kabu daga tasha zuwa bakin kogi. Amma sauƙin ya dogara ne ga cika motar.

Idan bas mai cin mutum 18 aka ɗauka, sai mutum 12 kawai suka zo, kowannensu zai biya ƙarin rabin abin da ya kamata ya biya. Shi ya sa ya dace a amince tun farko cewa wanda ya fasa a makon ƙarshe ba za a mayar masa da kuɗin mota ba, sai fa in ya kawo wanda zai maye gurbinsa.

Gara a ɗauki motar a tasha ta hannun ƙungiyar direbobi, inda aka san direban da motarsa. A kuma yi magana a fili a kan wanda zai sayi mai, da abincin direba da makwancinsa, da yawan wuraren da zai kai mutane. Abin da ba a faɗa a tasha ba, shi kan zama rigima a hanya.

Argungu na da nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, da kimanin kilomita 50 daga Birnin Kebbi. Masu tasowa daga Kano ko Zariya ko Katsina kuwa, tafiyar yini guda ce cur.

Masu zuwa daga Nijar kan shigo ta Gaya da Kamba, ko ta Birnin Ƙonni da Illela, kuma ya kamata su bincika halin da iyaka ke ciki kafin su taso, ganin yadda aka rufe ta bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, kafin a sake buɗewa a 2024.

Masauki da abinci

Argungu ba babban birni ba ne, ɗakunan baƙi da ke cikinsa kaɗan ne, kuma manyan baƙi da 'yan jarida kan kama su tun da wuri.

Dabarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya sauka a Birnin Kebbi ko Sakkwato, inda gidajen saukar baƙi suka fi yawa, ya riƙa sammako zuwa Argungu yana komawa kafin magariba. Mutum biyu ko uku za su iya haɗa ɗaki, a ware na mata daban.

Wanda ke da dangi ko abokai a garin ya huta da kuɗin ɗaki, sai dai ladabi ne a sanar da mai gida da wuri, a kuma tafi masa da tsaraba, domin ayarin mutum 18 ba ƙaramin nauyi ba ne.

Ta fuskar abinci, guzuri irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da dambun nama, da dabino, kan rage kashe kuɗi a hanya. A can kuma ga kifi gasasshe da soyayye, ga shinkafa, wadda fadamun kogin Rima suka yi suna wajen nomanta.

Ziyarar yini guda

Tun da an riga an biya kuɗin mota, asara ce a kalli kamun kifi kawai a juya.

A cikin Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har zuwa 1942, aka kuma mayar da ita gidan tarihi a 1958. A nan ake ajiye da makaman yaƙi, da tambura, da kayan su na gargajiya, kuma a nan kaburburan sarakuna da dama suke.

An sa masa sunan Muhammadu Kanta ne, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Kabi a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta.

Birnin Kebbi shi ne babban birnin Kabawa har zuwa 1805, lokacin da dakarun jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci shi. Yanzu a nan fadar Sarkin Gwandu take, kuma shi ne hedkwatar jihar tun da aka ƙirƙiro ta daga jihar Sakkwato a 1991.

Daga nan ana iya zuwa garin Gwandu a dawo a yini guda, domin ziyartar hubbaren Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya riƙe yammacin daular.

Waɗanda suka sauka a Sakkwato kuwa, ga Hubbaren Shehu, da fadar Sarkin Musulmi, da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu.

Wanda ya zaga waɗannan wurare cikin kwana uku ya ga tarihin ɓangarorin biyu da suka yi sulhu a 1934.

Tsaro da lafiya

Ba za a tsara tafiya a arewa maso yammacin Najeriya ba tare da duba batun tsaro ba.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau zuwa Sakkwato ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A watan Nuwamban 2024 kuma mayaƙan Lakurawa sun kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, inda aka kashe aƙalla mutum 15.

Don haka tafiyar dare ba ta cikin lissafi, ko da za ta rage kuɗin ɗaki na kwana ɗaya. A tashi bayan sallar asuba, a tsaya a kan manyan hanyoyi, a kuma bar sunayen 'yan ayari da lambar motar a hannun wani a gida.

Kufan Surame, tsohon birnin Kanta mai ganuwar duwatsu da ke jihar Sakkwato, wuri ne mai daraja, amma yana cikin daji, kuma bai kamata a nufe shi ba sai da shawarar hukumomin yankin.

A bakin kogi, cunkoso kan yi yawa a ranar ƙarshe. A riƙe yara da kyau, a sa wurin haɗuwa idan an ɓace wa juna, kada kuma a shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil.

Lokacin bikin ƙarshen hunturu ne da farkon bazara, lokacin zafi da ƙura, wanda kuma shi ne lokacin cutar sanƙarau. An samu ɓarkewarta a yankunan Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025. Yin allurar rigakafi kafin tafiya, da guje wa cunkushewa a ɗaki mara iska, da yawan shan ruwa mai tsabta, duk suna da muhimmanci.

Idan ba a yi bikin ba

Ayarin da ya tara kuɗi sannan aka ɗage bikin bai yi asara ba. Jihar Kebbi na da masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma Yawuri na da bikin Rigata na kwale-kwale a kogin Neja, Zuru kuma na da bikin Uhola.

Hasali ma, ziyartar Argungu a lokacin da babu biki ta fi arha, domin ɗakuna kan samu cikin sauƙi, ana kuma iya zaga gidan tarihi a tsanake.

Abin da kawai baƙo ba zai gani ba shi ne dubban masunta na rugawa cikin Matan Fada, domin ba a barin kowa ya yi su a wannan sashe na kogin sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini.