Yaro Mai Ƙiba: Abin da Hoton Jijiyar Wuya Ya Nuna

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, in aka ga yaro ya yi ɓul-ɓul sai a ce uwarsa ta iya goyo. Ba abin mamaki ba ne, gama rama muka fi sabawa da ita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kano sun tsumbure don rashin abinci mai gina jiki. Amma yanzu a gidajen da Allah ya buɗa wa hanyar shinkafa, masara ko rake, ana fara ganin yaran da ƙiba ta yi wa yawa. Wannan ma ciwo ne, sai dai ba ya kuka.

Kun san na'urar hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu. Ita ce dai likita yakan ɗora a gefen wuyan yaro, inda babbar jijiya take kai jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Na'urar tana aika wani sauti da kunne ba ya ji, sautin ya bugi bangon jijiyar ya komo, sai a ga layi biyu a allo. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin bangon. Wani likita a Italiya, Paolo Pignoli, da abokan aikinsa suka bayyana wannan awo a 1986. Ga yaro, kaurin bai cika wuce rabin milimita ba.

Duk wanda ya yi noman rani da ruwan Tiga ya san yadda laka take taruwa a magudana kaɗan-kaɗan, har ranar da ruwa zai kasa kaiwa ƙarshen gona. Haka kitse da hawan jini da yawan sukari suke yi wa jijiya: bangon ya yi kauri, ya yi tauri, hanya ta ƙuntata. Ƙarshenta shi ne ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashe da dama an auna, an tarar bangon jijiyar yara masu ƙiba ya ɗan fi na tsararsu kauri. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, amma a shekara goma ke nan, ba sittin ba.

A garin Bogalusa na Amurka, da kuma ƙasar Finlan, an bi dubban yara tun suna makaranta har suka girma. A 2003 aka ba da sakamako: waɗanda suka yi ƙiba ko yawan maiƙo a jini tun suna yara, su ne bangon jijiyarsu ya fi kauri da suka zama manya. Labari mai daɗi ya zo a 2011, da aka haɗa mutum 6,328 daga Amurka, Finlan da Ostareliya. Yaran da suka yi ƙiba amma suka rabu da ita kafin su girma, hatsarinsu ya zama daidai da na waɗanda ba su taɓa ƙiba ba. Watau ana iya yashe magudanar tun da wuri.

To, kada kowa ya sayar da buhun masara don ya kai yaro Kano a yi masa wannan hoto. Awo ne na masu bincike, sai kuwa yaron da likita ya ga dalili. Mu abin da muke bukata yana kusa: sikeli, awon tsawo da katin awo a asibitin gari. In yaron makaranta ya yi ƙiba ainun, ku roƙa a gwada jininsa ko ya hau.

A lura da abu ɗaya. Kumburi ba ƙiba ba ne. Danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, ka ƙirga uku. In ya bar rami a ƙafa biyu, tamowa ce, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mukan kai wake da gyaɗa kasuwar Kwanar Dangora, mu sayo lemon kwalba, biskit da taliyar leda mu ce tsaraba. Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari kamar ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 ya fi kyau kada a wuce kamar 6 a yini. Ba a hana yaro mai ƙiba abinci, ba a kuma yi masa ba'a a gaban 'yan'uwansa. Tukunyar gida duka za a gyara: tuwo daidai ciki, miyar zogale, rama ko kuka, wake, awara, gwaiba da mangwaro a lokacinsu, ruwa maimakon lemo. Ya sami aƙalla awa ɗaya kowace rana yana guje-guje, langa ko ƙwallo, ko tafiya makaranta da ƙafa maimakon babur.

A taron ƙungiya mai zuwa, shugabanni su ware mudun wake da na waken suya da kowane gida zai ajiye kafin a kai saura kasuwa, zumuntar mata kuma su sa ranar da za a kai yara awo tare.